Cinikin Biri a Sama: Shagon Kwamfuta da Ƙofarsa ta Intanet

Shagon ɗan yayata yana hawa na biyu a wani bene da ke titin Beirut, a birnin Kano. Idan mutum uku suka shiga, na huɗu sai ya tsaya a bakin ƙofa. Kantar gilashi ce guda, an jingina laftof-laftof a cikinta kamar littattafai, ga caja da maus da igiyoyi rataye a bango, ga ɗan teburin da yake kwance inji a kai idan an kawo gyara. Shekara shida ya yi yana yaron shago kafin ubangidansa ya sallame shi da jari. Har yau idan ya ɗauki kwamfuta, kafin ya kunna ta sai ya kifa ta ya duba kusoshin bayanta, don ya gane ko wani ya taɓa buɗe ta.

Masu tambaya bai rasa su ba, wayarsa ma ba ta hutawa. Zai ɗora hoto a WhatsApp da la'asar, kafin isha'i saƙonni sun taru: "Nawa ce?" "Tana nan har yanzu?" "Gaskiya nawa za ka bari?" "Batirin awa nawa yake yi?" Amsa ɗaya yake ta maimaitawa har barci ya sace shi da waya a ƙirji, kuma cikin masu tambayar kaɗan ne ke kai wa ga sallama. Wani dare bayan mun idar da salla ya ce da ni, "Kawu, so nake in buɗe shafi a intanet, mutum ya shiga ya zaɓa da kansa, ya biya, ni kuwa in wayi gari in tarar da oda tana jirana." Na sa masa albarka, na kuma zuba ido in ga yadda aikin zai kaya. Gina shafin kansa bai cika mako uku ba. Abin da ya ci watanni, ya ci kuɗi, ya hana shi barci, shi ne yadda zai mai da amanar da ake ƙullawa ido da ido a kasuwa ta zama rubutu, wanda baƙo zai karanta daga nesa har zuciyarsa ta kwanta ya saki kuɗinsa.

Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama, kuma da wuya a sami hajar da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar kwamfutar gwanjo. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne, laftof mai ɗan dama kuwa, ko da ta hannu ce, ta ninka wannan sau da yawa. Ɗalibin da zai saya adashen mahaifiyarsa ne a hannunsa, ko kuɗin ragon da aka sayar. A kasuwa yana da abin riƙewa: zai zo da abokinsa da ya san kan inji, su kunna, su danna kowane maɓalli, su cire caja su ga ko za ta mutu. Ya ga fuskar mai shago, ya san ƙofar da zai dawo idan abu ya ɓaci. A intanet duk wannan ya kau, hoto da rubutu kawai suka rage.

Sai dai sayar da kwamfuta daga nesa tsohuwar sana'a ce. Michael Dell ya fara a 1984 daga ɗakin kwanansa na ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Amurka, yana harhaɗa kwamfuta gwargwadon buƙatar mai saye, yana karɓar oda ta tarho. A 1996 kamfaninsa ya fara karɓar oda ta intanet, kuma ba a daɗe ba cinikin shafin ya kai dala miliyan guda a rana. Sirrin abin a bayyane yake: kwamfuta haja ce da ake iya siffantawa dalla-dalla da lambobi. Turmin atamfa sai an shafa, turare sai an shinshina, amma wanda ya san ƙarfin inji da girman ma'adana da faɗin sikirin ya san rabin abin da zai saya.

Malamanmu ma sun riga kowa magana a kan wannan. A mazhabar Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi siffa mai kore jahilci. A cikin littafin Muwaɗɗa akwai babi guda a kan ciniki bisa barnamaj, wato takardar da ke bayyana abin da ke cikin dila ba tare da an kwance ta ba: iri kaza, adadi kaza, tsawo kaza. Idan kaya suka dace da takardar ciniki ya ƙullu, idan suka saɓa mai saye yana da zaɓi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sarin dila a kasuwar Kantin Kwari ya san wannan ciniki a aikace. Shafin oda na intanet barnamaj ne na wannan zamani, kuma hukuncinsa bai canza ba: nauyin yana kan siffar da aka rubuta.

Siffar da ba ta ɓoye aibi

A nan ne muka fi daɗewa, ni da shi, kuma a nan ne na ga yawancin shafukan ƙananan 'yan kasuwa suna tuntuɓe. Mutum zai rubuta "HP Core i5, mai kyau, kamar sabuwa," ya ɗauko hoto mai sheƙi daga shafin kamfani ya liƙa. Wannan bai gaya wa mai saye komai ba. Intel ta fara fitar da Core i5 tun 2009, kuma ƙarni bayan ƙarni take sabunta shi da suna ɗaya. EliteBook 840 G3 da 840 G5 kusan kamarsu ɗaya a idon wanda bai sani ba, amma ta farko injinta na ƙarni na shida ne, ta biyu kuwa yawanci na takwas. Bambancin ya daina zama na masana kawai, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Wanda ya sayar wa ɗalibi G3 bai faɗa masa wannan ba ya ɓoye masa abin da ya kamata ya sani, ko da kwamfutar lafiyarta ƙalau.

Don haka ya ɗauki kowace laftof ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta cikakkiyar lambar inji, girman RAM, da ko ma'adanar SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa. Ya duba ko akwai kalmar sirri da tsohon mai ita ya bari a BIOS. Ya duba jerin haruffan kibod, domin kayan da ke zuwa daga Turai ba iri ɗaya ba ne: na Faransa da Beljiyam AZERTY ne, na Jamus QWERTZ. Ɗan Kano zai ga AZERTY ya ce an cuce shi, alhali malamin makaranta a Maraɗi ko Damagaram ita yake nema. Haja ɗaya ce, aibi a wajen wani, falala a wajen wani, kuma layi ɗaya na rubutu ya isa ya raba gardama.

Batir shi ne uwar rigima. A kasuwa za ka ji ana cewa "yana awa huɗu," ba wanda ya auna. Windows tana da umarnin da ke fitar da rahoton batir, ta nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da kuma abin da ya rage masa yanzu. Na tsaya a kansa ranar da ya gwada wata Latitude mai kyan gani, ba ko ƙwarzane a jikinta, rahoton ya nuna batirin bai kai rabin ƙarfinsa na asali ba. Ya yi shiru yana kallon sikirin, ya ce, "Kawu, idan na rubuta wannan wa zai saya?" Na ce masa wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ba zai dawo ya kama ka da faɗa ba. Ya rage farashin, ya rubuta gaskiyar. Hotunan ma ya ɗauka da wayarsa a bakin taga, inda hasken rana ke nuna komai, har da wurin da fenti ya koɗe a gefen maus. Kowace kwamfuta da nata hoton, da lambar jikinta a ajiye a littafinsa, domin ranar da aka dawo da kaya a san su ne aka sayar.

Sunan wa ke kan takardar fili?

Kuskuren farko da ya yi ya zo ne tun kafin wannan duka. Wani matashi da aka haɗa su ya karɓi aikin gina shafin a farashi mai sauƙi. Ya sayi sunan shafin, ya kama hayar wurin ajiyarsa, ya ɗora komai, aiki ya yi kyau. Bayan 'yan watanni ɗan yayata ya so ya canza wani abu, sai ya tarar ba shi da mabuɗi. An yi rajistar sunan da imel ɗin matashin, shi kuma ya bar gari, wayarsa ba ta shiga. Ya riga ya buga sunan shafin a rasit da kwali da allon shago. Dole ya sake sabon suna, ya sake bugu, ya sake sanar da mutane.

Ina so duk mai shago ya riƙe wannan da kyau, don na ga zafinsa da idona. Sunan shafi kamar fili ne, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai fili. Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, ana sayen su ta hannun dillalan da ta amince da su, da naira, kuma haya ce ta shekara-shekara. Idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, shafi zai ɗauke, daga baya ma wani yana iya saye sunan. Mai shago ya buɗe asusun da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya biya da katinsa, sannan ya ba maginin izinin shiga. Magini ya gina, a biya shi haƙƙinsa, amma makulli ya kwana a aljihun mai gida.

Maganar da wace manhaja za a gina kuwa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. WooCommerce, wadda ake ɗorawa a kan WordPress tun 2011, kyauta ce, masu iya ta suna da yawa, sai dai tana son kulawa da sabuntawa, in ba haka ba ɓarayin intanet su sami kafa. Shopify ta ɗauke wa mutum wannan wahala, amma kuɗinta na wata-wata da dala ake lissafa shi. Akwai kuma na gida irin su Bumpa, da aka yi domin ƙananan 'yan kasuwar Nijeriya, ana sarrafa su daga waya. Mai kaya talatin ko hamsin kowacce ya ɗauka za ta ishe shi. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne ɗan kwaɗon nan da kan fito a wasu manhajojin shiga intanet kusa da adireshin shafi, alamar cewa bayanan da ke wucewa a rufe suke. Ƙungiyar Let's Encrypt tana ba da shi kyauta, don haka babu uzuri.

Sai nauyin shafi. Wanda ya gina shi yana gwadawa ne a babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Wanda zai saya kuwa Tecno ce ko Itel a hannunsa, yana lissafin data, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Hoto guda da aka ɗora yadda waya ta ɗauko shi yana iya cinye megabait huɗu ko biyar. Shafin da ke juyawa yana juyawa bai buɗe ba, kwastoma ya riga ya tafi. Mun rage girman hotunan, muka cire duk wani abu mai motsi, muka gwada a wayar yaron maƙwabcinsa mai tsagaggen gilashi. Mun kuma sa bayanin sharuɗɗa da Hausa da Turanci, muka tabbatar ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, ba akwatuna ba. Uban da zai biya wa 'yarsa kuɗin kwamfuta ya cancanci ya karanta sharaɗin garanti da harshen da yake ciniki da shi.

Farashi mai motsi, kaya mai ƙafa

Akwai dalilin da ya sa 'yan kasuwa ba sa son rubuta farashi, kuma ba duka ne son ɓoye-ɓoye ba. Kwamfuta da dala ake saro ta, ko daga Dubai, ko daga Sin, ko ta hannun manyan dilolin Computer Village da ke Ikeja. Kafin Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Da aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A irin wannan yanayi wanda ya bar farashin makon jiya a shafinsa yana iya sayar da kaya ya kasa mayar da irinsa. Amma maganin ba shi ne a rubuta "kira don jin farashi" ba, domin wannan ya mai da mutum inda ya fito, wayar ta ci gaba da ruri. Shi dai ya ɗauki al'ada: kowace safiya, kafin ya share shago, sai ya duba farashi. Tayi kuwa, wanda jininmu ne, ya bar masa ƙofa ta WhatsApp ga mai sayen da yawa, kamar makaranta ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. A kasuwannin Beirut da Farm Centre kaya ba sa zama wuri ɗaya. Maƙwabci zai leƙo ya ce, "Ba ni T480 ɗin nan, ina da kwastoma," ya tafi da ita, da yamma ko dai kuɗi su zo ko kaya su dawo. Kai ma haka kake yi masa. Wannan zumunci shi ke riƙe da kasuwa, shi ya sa ƙaramin shago yake iya cewa "akwai" ga kusan komai. Shafin intanet bai san da wannan ba. Idan ya ce akwai guda ɗaya, wani a Gusau ya biya da tsakar dare, alhali maƙwabci ya sayar da ita tun azahar, an shiga ba da haƙuri da mayar da kuɗi, kuma baƙon ba zai sake dawowa ba. Dokar da ya kafa wa kansa ita ce: abin da ba ya cikin kantarsa ba ya hawa shafi, abin da ya fita daga kanta ko da aro ne sai an sauke shi kafin mai ɗauka ya kai bakin bene.

Wa zai fara sakin nasa?

Duk cinikin nesa a nan yake cijewa. Mai saye yana tsoron ya biya a toshe lambarsa, mai sayarwa yana tsoron ya aika kaya a ce ba a gani ba. Jumia da Konga, da suka fara a 2012, sun jawo mutane ne da tsarin biya idan kaya sun iso. Babban kamfani yana iya jure asarar kayan da aka ƙi karɓa a bakin ƙofa. Mai shago ɗaya idan laftof biyu suka yi yawo suka dawo, ko suka ƙi dawowa, jarinsa ya girgiza.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne yadda turansfa ta zama ruwan dare. Tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda NIBSS ta kafa a 2011, ya daɗe yana aiki, amma ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, shi ya tilasta wa har mai shayi da mai kayan miya buɗe asusun OPay ko Moniepoint. Sai dai turansfa ta zo da nata ciwon, wato alat na bogi da hoton rasit da aka gyara. A nan kamfanonin karɓar kuɗi suke da amfani. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka kuma ya saye shi a 2020, da Flutterwave da ya fara a 2016, suna karɓar kuɗin ta kati ko turansfa ko lambar USSD, su tabbatar sun shiga, sannan shafi ya rubuta an biya. Lambar katin mai saye ba ta ma biyowa ta hannun mai shago, kuma hakan kariya ce gare shi. Suna cire la'adarsu: a tsarin da Paystack ya daɗe a kai, kashi 1.5 cikin ɗari ne da naira 100, kuma ba ya wuce naira 2,000 a ciniki ɗaya na cikin gida. A kan kuɗin laftof, wannan bai kai abin da ɗan kamasho zai karɓa ba.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta yi masa amfanin da bai zata ba. Da ita ya buɗe asusun banki da sunan shago. Mai saye da ya ga sunan da ke kan shafi shi ne a kan asusu, shi ne a kan rasit, hankalinsa ya fi kwanciya da a ce masa ya tura kuɗi zuwa asusun wani mutum da bai taɓa jin sunansa ba. Ya kuma sa adireshin shagon, da hoton ƙofarsa, da lambar da ake ɗagawa. Ga waɗanda har yanzu zuciyarsu ba ta natsu ba, ya buɗe wata hanya dabam, wadda ita ce ta fi karɓuwa a farko: ka ba da kafin alƙalami a shafi a ajiye maka kaya, ka turo ɗan'uwanka da ke Kano ya gani da idonsa ya cika sauran. Kusan kowa a Arewa yana da wani a Kano.

Daga kanta zuwa hannun mai ita

Yawancin manhajojin gina shafin ciniki an tsara su ne domin ƙasashen da kowane gida ke da lamba, kowane titi ke da suna. Suna tambayar lambar gidan waya, su ƙi wucewa sai an cika. Mu kuwa adireshinmu kwatance ne: bayan gidan mai, layin da ke kallon masallacin Juma'a, gida mai jar ƙofa. Ya sa aka cire tilascin lambar gidan waya, aka buɗe fili babba na kwatance, aka nemi lambar waya biyu.

A cikin gari mai babur ɗin da ya sani ne ke kaiwa. Zuwa wasu jihohi akwai kamfanonin aika kaya irin su GIG Logistics, masu ba da lambar bibiya, sai kuma tsohuwar hanya: a kai tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa a ba direba, a karɓi lambarsa da lambar mota a tura wa mai kaya. Hanyar tasha ta fi sauri da araha, ta kuma kai garuruwan da kamfani ba shi da ofis, amma idan kaya suka fashe ko suka ɓace ba takardar da za a riƙe. Shafi ya faɗi wannan a fili, mai saye ya zaɓa da saninsa. Kafin ya rufe kwali yakan ɗauki bidiyo: kwamfutar a kunne, lambar jikinta a bayyane, caja a gefe, sannan a naɗe ta da soso a liƙe. Ya kuma roƙi mai karɓa ya ɗauki nasa bidiyon lokacin buɗewa. Minti biyu ne, amma sun kashe gardama da yawa tun ba ta tashi ba.

Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, ba shi da gurbi a irin wannan ciniki. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin mayar da kayan da ke da aibi ko waɗanda suka saɓa wa siffar da aka ba shi. Shari'a ma ta ba shi zaɓi idan aibi ya bayyana. Gara mai shago ya rubuta sharaɗinsa da kansa: kwana nawa ne garanti, me ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba, kamar faɗuwa ko shigar ruwa ko wutar da ta zo da ƙarfi ta ƙona inji, kuma wa zai biya kuɗin mota idan kaya za su dawo. Haka nan sunaye da lambobin waya da adireshin mutane da ke taruwa a shafi amana ce, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta hau kan duk mai tara su. Bai halatta a miƙa wa wani lambobin kwastomomi don ya riƙa damun su da talla ba.

Wasu abokansa sun tambaye shi, tun da WhatsApp da Instagram suna kawo ciniki, wahalar me yake sha? Tambaya ce mai kyau, kuma ga mai kaya biyar wataƙila amsar ita ce ya zauna inda yake. Amma wanda duk kasuwancinsa ke cikin dandalin wani, a rumfar aro yake zaune. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022, masu sayar da kaya ta can suka rasa hanyar kwastomominsu. Ana kuma rufe asusun mutum ko a sace shi, mabiyan da ya tara shekaru su tafi a dare ɗaya. Shi bai bar WhatsApp ba, can ne ake gaisawa, can ake tayi. Sai dai yanzu idan aka ce "nawa ce?", adireshin shafin kayan yake turawa, inda amsar tambaya goma ke jiran mai tambaya.

Odar farko da ta shigo daga wanda bai san shi ba, bai san wani nasa ba, ta zo ne daga wata malamar makaranta a jihar Yobe, ThinkPad ta saya. Ya naɗe, ya kai tasha da kansa, ya yi ta kiran direba har sai da aka ce kaya sun isa. Kwana uku bayan haka ta kira. Kwamfutar tana aiki, amma kyamararta ba ta kamawa, ita kuwa domin karatu ta intanet ta saya. Ya buɗe shafin ya duba abin da ya rubuta. Ya faɗi inji, ya faɗi batir, ya faɗi kibod, bai ce komai a kan kyamara ba, domin bai gwada ta ba. Ya ce mata, "Malama, laifina ne, ki ba direba ita, kuɗin mota a kaina." Ya aika mata wata, ribar cinikin ta tafi a hanya.

Da na biya ta shagon washegari da hantsi, na tarar ya fito da duk laftof ɗin da ke cikin kanta ya jera su a kan tebur da kan kujera, kowacce a buɗe, fuskarsa tana fitowa a sikirin ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki kyamararsu ba ta kama ba. Ya ware su gefe, ya jawo wayarsa, ya shiga shafin ya ƙara sabon layi a ƙarƙashin kowace haja: kyamara, makirfo, lasifika, an gwada ranar kaza.